Gwajin amana a wayar salula: wa zai tsaya wa ɗan Zongo?

Bayan sallar isha'i ya yi sallama a ƙofar gidanmu a Amoutivé, waya a hannu, fuska ba walwala. Tsohon ɗalibina ne. Na koyar da shi shekara biyu kafin ya ci jarrabawar BAC, daga nan ya wuce jami'a ya karanta lissafin kuɗi. Aikin kula da sito ya nema a wani kamfani da ke hada-hada kusa da tashar jiragen ruwa ta Lomé. Ya kai duk abin da aka saba kaiwa: takardar haihuwa, shaidar karatu, da takardar kotu da ke nuna ba a taɓa ɗaure shi ba, wadda muke kira casier judiciaire. Bayan mako biyu sai ga saƙo a wayarsa. An ce ya latsa wani adireshin intanet, ya kunna kyamara, ya amsa tambayoyi kusan saba'in cikin minti ashirin da biyar.

"Malam, ko lissafi ɗaya ba su tambaye ni ba," in ji shi.

Na ce to me suka tambaye ka? Ya fara jero min waɗanda ya riƙe a ka, dukansu da Faransanci. Ka taɓa tunanin ɗaukar abin da ba naka ba, ko da ba ka ɗauka ba? Ma'aikaci ya shekara ashirin yana aiki, aka kama shi ya ɗauki jika biyar don sayen maganin ɗansa: a kore shi ko a yi masa afuwa? In ka ga abokin aikinka ya ɗauki kayan kamfani, za ka kai ƙararsa nan take?

Ya ce ya amsa tsakaninsa da Allah. Tunanin abin wani, e, ya taɓa zo masa, wa bai taɓa zo wa ba? Mai shekara ashirin a bakin aiki kuwa, a ja masa kunne, a cire kuɗin daga albashinsa, a rufa masa asiri. Abokin aiki, zai fara yi masa magana su biyu kafin ya kai shi gaba. Bayan kwana huɗu aka aiko masa da layi biyu na godiya da fatan alheri. Babu dalili, babu sunan wanda za a kira.

Ban kawo labarinsa don in ce an zalunce shi ba. Mai yiwuwa an sami wanda ya fi shi cancanta. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, amsoshin nan uku, waɗanda duk dattijon Zongo zai ji ya ce yaron nan ya sami tarbiyya, su ne ainihin irin amsoshin da wannan gwaji yake rage wa mutum maki a kansu.

Daga ina abin ya fito

Gwajin amana ba sabon abu ba ne, shigarsa cikin waya ce sabuwa. A Amurka aka raine shi. Shekaru da dama manyan kantuna da bankuna na can suna ɗaura wa masu neman aiki na'urar gano ƙarya, wadda ke auna bugun jini da numfashi da gumin yatsu yayin da mutum yake amsa tambaya. A 1988 majalisar dokokin ƙasar ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu yin haka. Sai kasuwa ta koma hannun masu sayar da tambayoyi a takarda, irin su Reid Report da aka fara amfani da shi tun farkon shekarun 1950.

Iri biyu ne. Akwai na gaba-da-gaba, irin wanda ɗalibina ya haɗu da shi: a tambaye ka ra'ayinka kan sata da abin da ka taɓa aikatawa. Tunanin da aka gina shi a kai mai sauƙi ne. An ɗauka cewa mai hannu-hannu yakan ga kowa ma haka yake, yakan yi wa ɓarawo sassauci, yakan kuma yawaita tunanin ɗauka. Saboda haka duk wanda ya ce a yi afuwa, ko ya ce mutane da yawa suna ɗauka, makinsa ya yi ƙasa. Na biyu kuma ba ya ambaton sata ko kaɗan. Halinka yake tona: kana son kasada? Kana saurin fushi? Kana ƙosawa da bin doka? Daga nan a fitar da hasashe.

Shin yana aiki? Masana sun daɗe suna jayayya. A 1990 ofishin da ke ba majalisar Amurka shawara kan fasaha ya duba binciken da ke akwai, ya ce bai isa a tabbatar da abin da masu sayarwa suke faɗa ba. A 1993 Deniz Ones da abokan aikinta biyu suka tattara ɗaruruwan sakamakon bincike, suka ce gwajin yana hasashen halin ma'aikaci daidai gwargwado, kuma wannan aiki nasu ne kamfanonin suka riƙe hujja kusan shekara ashirin. A 2012 Chad Van Iddekinge da wasu suka sake zama, suka tace, suka tsaya kan bincike 104. Suka ga ƙarfin hasashen bai kai yadda aka yi ta faɗa ba, suka kuma lura da wani abu da duk wanda ya taɓa zama a kasuwa zai gane: binciken da masu sayar da gwajin suka yi da kansu ya fi nuna kyakkyawan sakamako a kan wanda wasu daban suka yi. Mai tallan fura ba ya cewa tasa ta yi tsami.

Adalci dai shi ne a ce gwajin ba banza ba ne gaba ɗaya. In kamfani zai ɗauki mutum dubbai, yana iya rage asara kaɗan. Amma a kan mutum ɗaya, kai ko ɗanka, kuskurensa babba ne, kuma lissafin ƴan firamare ya isa ya nuna haka. A ce mutum 1,000 sun nemi aiki, 50 daga cikinsu za su ci amana in sun sami dama. A ce kuma gwajin yana dacewa sau 8 cikin 10, wanda kyautata masa zato ne ƙwarai. Zai kama 40 daga cikin 50 ɗin. Cikin sauran 950 masu gaskiya kuma zai yi kuskure a kan 190. Ke nan cikin mutum 230 da ya shafa wa baƙin fenti, 190 ba su ci ba ba su sha ba. Kamfani bai damu ba, domin masu neman aiki sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Asarar tana kan mutum 190 ɗin, kuma babu wanda zai gaya musu.

Abin da na'ura ta ƙara

Da takarda ce, sai an buga, an tara mutane a ɗaki, an biya mai dubawa. Yanzu kamfani a Turai ko Indiya yana iya sayar wa wani a Lomé ko Kwatano ko Akara gwajin ta intanet, kowane kai da farashinsa, sakamako ya fito kafin mai nema ya ajiye waya. Sauƙin nan shi ya sa abin zai yaɗu a wurinmu, tun daga manyan ma'aikatu har zuwa kamfanonin gadi da masu rarraba kaya.

Na'urar kuma ba amsa kaɗai take ɗauka ba. Tana iya ƙirga daƙiƙa nawa ka yi kafin ka latsa, sau nawa ka canja amsa, ko idonka ya bar allon. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin cike fom ta waya a lokacin da sabis yake wasa, ko wuta ta ɗauke ana tsaka da abu, ko yara suna ta kai-komo a tsakar gidan haya, ya san cewa jinkirin daƙiƙa goma yana da dalilai ɗari da ba su shafi gaskiya ko ƙarya ba.

Wasu sun wuce nan. Kamfanin Converus na jihar Utah yana sayar da EyeDetect, wanda ya ce yana gano ƙarya daga buɗewar ƙwayar ido da yadda mutum yake karatu. Wasu suna iƙirarin gano ta daga rawar murya. HireVue, ɗaya daga cikin manyan masu shirya ganawar neman aiki ta bidiyo, ya yi shekaru yana nazarin motsin fuskar masu nema, har wata ƙungiyar kare sirrin jama'a mai suna EPIC ta kai ƙararsa gaban hukumar kasuwanci ta Amurka a 2019. A farkon 2021 ya sanar da cewa ya daina nazarin fuska. Kamfanin Amazon ma ya jefar da wata manhajar tace takardun masu neman aiki bayan ya gano tana rage wa mata maki, kamar yadda Reuters ta ruwaito a 2018. Tarayyar Turai ta kafa dokar ƙirƙirarriyar basira a 2024, ta sa manhajojin ɗaukar ma'aikata cikin rukunin masu babban haɗari, sannan daga Fabrairun 2025 ta haramta amfani da na'ura wajen karanta yanayin zuciyar mutum a wurin aiki.

Mu da ke zaune a bakin tashar jiragen ruwa mun san inda kayan da Turai ta gaji da su suke sauka. Mun ga motoci, mun ga firji, mun ga gwanjon Hédzranawoé. Manhaja ba ta ma bukatar kwantena.

Tsohon gwajinmu

Kafin a ce muna ƙin zamani, mu tuna cewa Zongo kansa a kan tantance amana aka gina shi. Tun zamanin Jamus Hausawa suke da zango a Lomé. A 1977 hukuma ta rushe wanda ke tsakiyar gari, aka kwashe jama'a zuwa arewacin birni, inda Agoè-Zongo yake a yau. Jim kaɗan bayan haka wani Bafaranshe masanin zamantakewa, Michel Agier, ya zauna cikin mutanen, ya fitar da littafi a 1983 kan fataken Zongo da yadda suke hulɗa. Abin da ya gani shi ne abin da kakanninmu suka sani: komai yana rataye a wuyan mai gida. Baƙo ya taso da shanu daga arewa, bai san kowa ba. Ya sauka gidan mai gida, a ba shi masauki da abinci. Dillalan mai gida su nemo mahauci, mahauci ya ɗauki sa bashi, ya yanka, ya sayar, ya kawo kuɗi. In bai kawo ba, mai gida ne a ciki. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969: dukiya mai yawa tana yawo tsakanin mutanen da ba yarensu ɗaya ba, ba tare da takardar yarjejeniya ba.

A lura da yadda wannan gwaji yake. Babu wanda yake tambayar yaro ra'ayinsa game da sata. Aikensa ake yi da dala ashirin a ga canji. Ya dawo da shi, gobe a ba shi jika. Bayan shekara a bar masa shago ya yini. Bayan shekaru a tura shi Cinkassé ko Malanville da kuɗin kaya. Amana hawa-hawa ake ba da ita, kowane mataki kuma da idon da ke kallo. Na biyu, wanda ya ce "na tsaya masa" ya sa wuyansa ne. In yaro ya gudu, shi zai biya, ko da kuɗi ko da mutunci. Kamfanin da ya sayar da gwajin intanet bai tsaya wa kowa ba. In ya wanke ɓarawo ba ya biyan ko dala, in ya ɓata mai gaskiya ba ya ma sani.

To amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Tsarin mai gida yana da waɗanda yake bari a waje, kuma mun san su. Maraya da ba shi da kawu a kasuwa. Wanda ya zo jiya daga Tawa ko Gaya bai sami masauki ba. Ƴa mace da ta yi karatu ta fi ƴan'uwanta maza, amma ba wanda zai ba ta makullin sito. Ɗan gidan da ubansa ya taɓa cin bashi shekara talatin da suka wuce, har yau ana tuna masa. A ma'aikatun zamani kuma "wa ka sani" ya rikiɗe ya zama abin da kowa ke kuka da shi, daga Lomé har Yamai har Kano. Yawancin ɗalibaina, in ka tambaye su, za su ce gara na'ura da mutum, domin na'ura ba ta da ƙane. Ina fahimtarsu. A Najeriya hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, kuma ko masu sukarta sun yarda ta toshe wasu tsofaffin ƙofofin maguɗi. A nan Togo, tun 2021 ana neman casier judiciaire ta intanet, wanda ya rage wa mutane doguwar tafiya zuwa kotun garin da aka haife su. Ba wanda yake son a koma baya a kan wannan.

Sai dai akwai bambanci tsakanin waɗannan da gwajin amana. Jarrabawar lissafi tana da amsa. Takardar kotu tana faɗin abin da ya riga ya faru, alƙali ya yanke. Gwajin amana kuwa yana yanke hukunci kan laifin da ba a yi ba tukuna.

Masu ɗaukar aiki ma suna da tasu damuwar, kuma ta gaske ce. Mai shagon tura kuɗi ta Flooz ko T-Money, da yanzu ake kira Mixx, yana barin yaro da dubban ɗaruruwan sefa kullum. Mai sayar da wayoyi a Déckon, jarinsa duka yana iya shiga jakar goyo ɗaya. Gari ya girma, ba kowa ya san kowa ba, masu gida irin na da sun yi ƙaranci. Wanda aka taɓa yi wa ta'asa sau ɗaya, in aka ce masa ga manhaja da za ta tace masa mutane da kuɗi kaɗan, ba zai tsaya tambayar wane bincike aka yi a kanta ba.

Da wane harshe ake auna mu

Nan ne abin ya fi shafarmu, mu Hausawan da ke zaune a ƙasashen da mu ƴan tsiraru ne. Yaron Zongon Lomé yana tashi da Hausa a gida, Mina a titi da kasuwa, wataƙila Kotokoli wajen maƙwabta, Larabci a makarantar allo, Faransanci a lakwal. Yawancin waɗannan gwaje-gwaje da Ingilishi aka rubuta su, aka gwada su a kan ma'aikatan kantunan Amurka, daga baya aka juya su zuwa Faransanci. Shi kuma yana karantawa yana sake juya su a kansa zuwa Hausa, agogo yana tafiya. A aji na sha ganin ɗalibi mai kaifin ƙwaƙwalwa ya faɗi tambaya don kawai an jera masa korewa biyu a jimla ɗaya. In wannan ya faru a jarrabawar tarihi, maki biyu ya rasa. In ya faru a nan, an rubuta cewa amanarsa tana da rauni.

Matsalar ta wuce nahawu. Ɗauki tambayar da ake yawan yi: ka taɓa karɓar kuɗi ko kyauta daga abokin cinikin mai gidanka? A kantin Amurka wannan laifi ne. A kasuwarmu akwai la'ada, wadda haƙƙin dillali ce da kowa ya sani, mai saye da mai sayarwa. Akwai gyara da ake ƙara wa mai saye. Akwai goro, akwai tukwici. Akwai kuma cin hanci da ha'inci, kuma ɗan kasuwar Zongo ya fi kowa sanin inda iyakar take, domin da ita yake rayuwa. Tambayar ba ta san wannan iyaka ba. "E" ko "a'a" kawai take karɓa. Yaron da ya yi shekara biyar yana dillanci a kasuwar dabbobi ta Gbossimé, in ya faɗi gaskiya ya ce "e".

Haka batun afuwa. An tarbiyyantar da mu cewa rufin asiri hali ne na mutanen kirki, kuma kafin a kai mutum gaba sai an yi masa nasiha a ɓoye. Ana iya jayayya ko wannan ɗabi'a tana taimaka wa ɓarna a ma'aikatu. Ni kaina ina ganin wani lokaci tana yi, kuma mun rufa asirin da bai kamata a rufa ba. Amma mai wannan ra'ayi ba ɓarawo ba ne. Ga kuma batun ido. Yaron da aka koya wa sunkuyar da kai gaban babba, in ya zauna gaban kyamara yana kallon ƙasa, me manhajar da aka horar da fuskokin wasu mutane za ta rubuta a kansa?

Togo ta riga ta ɗanɗana yadda na'ura ke yanke hukunci kan mutane daga bayanan wayarsu. Lokacin korona, a 2020, gwamnati ta ƙaddamar da shirin Novissi na tura tallafi ta waya. Da aka faɗaɗa shi zuwa karkara tare da ƙungiyar GiveDirectly da masu bincike na jami'ar Berkeley, an yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da yadda mutum yake amfani da layinsa don hasashen wa ya fi talauci. Masu binciken sun buga sakamakon a mujallar Nature a 2022: hanyar ta rage barin mabukata a waje da kashi 4 zuwa 21 cikin ɗari idan aka kwatanta da zaɓe ta yanki kawai, amma ba ta kai cikakkiyar rajistar jama'a daidaito ba. Abin da na yaba a nan shi ne an auna kuskuren, an buga shi kowa ya gani. Duk mai sayar da gwajin amana a yankinmu ya kamata a tambaye shi irin wannan: a kan su wa ka gwada shi, a wace ƙasa, da wane harshe, mutum nawa ya ɓata bisa kuskure?

Bayan an shiga ƙofa

Wani abin da masu talla ba sa so a tsaya a kai shi ne, cin amana ba hali ne kawai da mutum yake shigowa da shi daga gida ba. Donald Cressey ya zauna da fursunonin da aka ɗaure kan cin kuɗin da aka ba su amana, ya fitar da littafi a 1953. Ya ga abu uku suna haɗuwa: matsi da mutum ba ya iya faɗa wa kowa, dama da ba mai kallo, da uzurin da yake ba kansa. A 1990 Jerald Greenberg ya bi wasu masana'antu a Amurka inda aka rage albashi da kashi 15 cikin ɗari na ɗan lokaci. Sata ta ƙaru, kuma ta fi ƙaruwa a inda shugabanni ba su tsaya sun yi wa ma'aikata bayani cikin mutunci ba. Mutanen dai su ne na jiya.

Mafi ƙarancin albashi a Togo ya tashi daga sefa 35,000 zuwa 52,500 a Janairun 2023. Wanda ake biya jika hamsin da biyu da rabi, wani lokaci ma a makare, aka bar shi da akwatin kuɗi ba mai ƙirgawa sai ƙarshen wata, an jarrabe shi da abin da ya fi tambaya saba'in nauyi.

Hukumomi ma sun koyi wannan. A Najeriya, shugaban EFCC na lokacin, Ibrahim Lamorde, ya sanar a 2012 cewa ma'aikatan hukumar za su riƙa fuskantar na'urar gano ƙarya. A Janairun 2025 hukumar da kanta ta sanar da korar jami'anta 27 kan zamba da rashin ɗa'a. A nan gida, lokacin da aka haɗe kwastan da haraji aka kafa OTR, wadda ta fara aiki a 2014 ƙarƙashin Henry Gaperi ɗan asalin Ruwanda, an ɗora wa ma'aikata bayyana kadarorinsu, aka kuma buɗe hanyar da jama'a za su kai ƙara. Kowa yana da ra'ayinsa kan yadda abin ya gudana, amma tunanin ya fi kusa da na mai gida: a ci gaba da kallo bayan an ɗauka.

Ina amsoshin suke tafiya

Ɗalibina ya amsa da bakinsa, gaban kyamara, cewa tunanin ɗaukar abin wani ya taɓa zo masa. Wannan amsa tana ajiye a wata kwamfuta, tare da sunansa da hotonsa da lambar wayarsa. In kamfani ɗaya ne yake yi wa ma'aikatu goma wannan hidima, me zai hana makin da ya samu a ƙofa ta farko ya riga shi isa sauran tara? A Zongo, in aka ɓata sunan mutum, yana iya samun dattijo ya raka shi a zauna a warware. Nan kuwa bai san ma an ɓata ba.

Doka tana nan a rubuce. Togo ta kafa dokar kare bayanan mutane a Oktoban 2019, da hukumar IPDCP da za ta kula da ita, ko da yake ta ɗauki shekaru kafin ta kama aiki sosai. Ghana tana da tata tun 2012, Najeriya ta yi sabuwa a 2023, Benin da Nijar ma suna da nasu dokoki da hukumomi. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a 2014 ta kuma fara aiki a 2023, ta ce bai kamata a yanke wa mutum hukuncin da zai shafi rayuwarsa ƙwarai ba bisa lissafin na'ura kaɗai da aka yi don auna halinsa. Togo da Ghana da Nijar suna cikin ƙasashen da suka tabbatar da ita. Irin waɗannan dokoki suna ba mutum damar ya tambayi me aka ajiye a kansa, don me, har yaushe, ya kuma nemi a gyara kuskure.

Sai dai wa zai tambaya? Mai neman aiki da ya shekara biyu a gida ba zai rubuta wa kamfani wasiƙar neman bayani ba, yana tsoron a sa masa alama. Wannan aiki ne na masu murya: ƙungiyoyin ƙwadago, hukumar samar da aiki ta ANPE, ƙungiyoyin ɗalibai da na matasan Zongo, da sarakunanmu da limamai da ake jin maganarsu. Abin da za a nema ba shi da yawa. A gaya wa mai nema tun farko cewa gwajin hali ne, da sunan kamfanin da ya shirya shi. Kada maki shi kaɗai ya fitar da mutum sai ɗan'adam ya zauna da shi. A goge bidiyo da amsoshi bayan an gama ɗauka. Nazarin fuska da murya kuwa, abin da Turai ta hana a gidanta ban ga dalilin da zai sa a gwada shi a kan ƴaƴanmu ba. Ƴan kasuwarmu da suka fara sha'awar abin, shawarata gare su ita ce kuɗin da za su ba manhaja su sa shi a littafin shige da fice da ake rufewa kowace yamma, mutum biyu su sa hannu, albashi kuma ya fita ranar da aka yi alkawari.

Ɗalibina yanzu yana taya kawunsa a shagon wayoyi. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, makulli a aljihunsa yake kwana. Amma bai haƙura da aikin ofis ba, kuma ban ga laifinsa ba. Don shi ya yi karatu. Shekaranjiya ya tare ni a hanyar masallaci ya ce wani kamfanin ya turo masa irin wancan saƙo, ranar Litinin zai zauna. Ya kwana biyu yana kallon bidiyoyi a YouTube inda ake koya wa mutane yadda ake cin irin wannan gwaji.

"Malam, wannan karon na san abin da suke so," ya ce. "Ban taɓa sha'awar kuɗin kowa ba, ban san ɓarawo ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya ɗauki dala a kore shi ranar."